Ganyen da Dokta Ya Tsinka

Ranar da Doña Leontina Arriagada ta koma aiki bayan wata biyu da rabi tana jinyar hannu, jan fenti ne ya fara tarbar ta. Ta shigo ta ƙofar baya kamar yadda ta saba, ta bi gefen magudanar ruwa, ta doshi layi na sha huɗu tun kafin ta gaisa da kowa. Bishiyoyinta uku na durasno, ɗan itacen nan mai laushin fata da ƙwallo ɗaya a ciki, suna nan tsaye, sun ɗauki 'ya'ya kore shar, amma kowace an zagaye mata ƙugu da jan fenti. A wannan tasha ta inganta irin itatuwa da ke bayan garin Rengo, ko karen maigadi ya san abin da jan fenti ke nufi. Bishiyar da aka shafa wa shi ta zama ta sara.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu, zuciyarta na tafasa. Wurin ma duk ya lalace. Ciyawa ta kai gwiwa, tohon da ke fitowa daga gindin bishiyoyin ya taso har ƙirjinta, babu wanda ya ko kalle shi balle ya tsinke. Ta kai hannu za ta fizge ɗaya, ɗinkin da ke wuyan hannunta ya soke ta, ta saki. Ta ce a ranta sai sati mai zuwa, yanzu akwai abin da ya fi wannan.

Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki, kuma aikin ne ya cinye mata hannu. Furen durasno shi ke barbarar kansa, don haka mai son haɗa iri biyu dole ya riga shi. A ƙarshen sanyin ƙasar, cikin watan Agusta, tun furen yana dunƙule, sai a sa farce a cire masa hula da duk zaruruwan namiji, a bar zare ɗaya tal na mace a tsaye. Daga nan a lakato garin furen wata bishiyar da ɗan yatsa a ɗiga masa. Leontina kan fiɗiye fure dubu a wuni, a kan tsani, iskar dutse tana yankar kunne. Cikin dubun, in an yi sa'a, ɗari su zama 'ya'ya. A fasa ƙwallon, a shuka, a jira shekara uku kafin a ɗanɗana, sannan a sare kusan duka.

Waɗannan ukun kuwa ba kamar sauran ba ne. Tsohon shugaban tashar, marigayi Don Heriberto, shi ya taɓa ce mata, "Leontina, kin yi wa kowa haɗi, yi naki guda ɗaya mu gani." Ta hau mota har Putaendo, garinsu, ta ɗebo garin fure daga tsohuwar bishiyar bayan ɗakin mahaifinta, irin rawayan nan da ake shanyawa a kan rufi. Ta ɗiga shi a kan wata baƙuwar bishiya mai taurin 'ya'ya. Ƙwallo ɗari uku da sha biyu ta shuka, guda ɗaya ta yi fice. Ba ta buƙatar dogon sanyi kafin ta yi fure, a wannan zamani da sanyin ke gajarta kowace shekara. 'Ya'yanta kan yi kwana arba'in a ɗakin sanyi su fito da ruwansu, ba su koma kamar auduga a baki ba. Ga zaƙi irin na gidan uban Leontina sak.

Fari ya kashe bishiyar mahaifin nata. Ita ma bishiyar da ta fito daga ƙwallon, ambaliya ta ruɓar mata da saiwa. Allah ya taimaka kafin ta mutu Leontina ta yanko idanunta ta aura a kan gindi uku na wani iri mai ƙarfin saiwa, wanda 'ya'yansa ko akuya ba ta so. Shi ke nan abin da ya rage a duk duniya, bishiya uku 'yan aure a layi na sha huɗu, aikin shekara goma sha biyu.

Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar ofis ba, turawa ta yi.

Dokta Larrondo, sabon shugaba, ya ɗago kai daga kwamfuta. A watan Afrilu ya zo, bayan an gama girbi, don haka bai taɓa sa ɗan itacen layi na sha huɗu a baki ba. Mutum ne mai fara'a da ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji kamar ana shafa maka kai. Ya yi karatu a ƙasashe uku, kuma ba ya bari a manta.

"Doña Leontina! Sannu da dawowa. Ya hannu?"

"Hannu na nan inda na bar shi. Wa ya shafa wa bishiyoyina fenti?"

"Zauna mana."

"Na zauna wata biyu da rabi, ya ishe ni."

Ya jawo wata takarda ya shimfiɗa a kan tebur. Ya ce yanzu an daina jiran shekaru ana ɗanɗane-ɗanɗane. Ana huda ɗan ganye kamar ƙwayar wake, a aika ɗakin gwaji a Santiago, su karanta ƙwayoyin gadon bishiya su faɗi abin da ta ƙunsa. An gwada duk gonar. Bishiyoyi ukun nan ba su da alamar taurin 'ya'ya, ba su da alamar zaƙi, kuma babu ko ɗigon jinin uwar da littafin Don Heriberto ya ce ita ta haife su.

"Ma'ana?" in ji Leontina.

"Ma'ana an samu kuskure a wani wuri. Ko an cakuɗa ƙwallo, ko an musanya lamba. Yana faruwa, ba ina zargin kowa ba."

"Ni kake cewa na cakuɗa ƙwallo?"

"Ban ce ke ba."

"To wa? Ni na ɗiga garin, ni na fasa ƙwallon, ni na shuka, ni na aura. In ba ni ba, sai dai ko aljani. Shekara huɗu ina cin 'ya'yan bishiyar nan, Dokta. Duk ma'aikatan nan sun ci. Tambayi mai shara ma."

Ya yi murmushi. "Baki ba ma'auni ba ne, Doña Leontina. Mutum kan ji zaƙin abin da yake so."

Da a ce zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta buɗe jakarta ta fito da kwalbar da ta kawo don abincin rana, busasshen durasno da ta jiƙa ta dafa da kirfa, ga dafaffiyar alkama kwance a ƙasa. Daga girbin bara ta shanya su, daga bishiyar tsakiya. Ta dire kwalbar a kan takardarsa.

"Ci guda ɗaya."

Ya janye takardar da sauri kada ta jiƙe. "Na gode, ba na shan zaƙi."

"Wa ya tsinki ganyen da aka gwada?"

"Ni da kaina," ya ce, har da ɗan taɓa ƙirji. "Don gudun irin wannan maganar ban bar wa kowa ba. Na zaɓi mafi taushi, kamar yadda ɗakin gwaji suka buƙata."

Ana son filin ne don dasa wani ɗan itacen da ake kira ceri, shi ke kawo riba yanzu. Leontina ta yi abin da ba ta taɓa yi wa Don Heriberto ba, ta roƙa. Ta ce sati biyar kawai, farkon Janairu za su nuna. Ya tsinka da hannunsa, ya ci, ya sa a ɗakin sanyi ya ƙirga kwana arba'in. In ƙarya take yi, ita za ta riƙe wa mai sara tsani.

"Za mu duba," in ji Dokta.

Ita kuwa, da shekarunta da wayonta, ta ɗauki wannan a matsayin alkawari. Wautar da ba za ta taɓa yafe wa kanta ba ke nan.

Ranar Alhamis ta ɗauki hutu ta wuce Putaendo. Jikarta za ta karɓi jibin Ubangiji karo na farko a coci ranar idin Budurwa Maryamu, kuma can bayan dutsen inda 'yarta ke aure waya ba ta kamawa. Kwana huɗu aka yi ana zafi kamar bakin tanda. Ta ci, ta sha, ta yi rawa da surukinta, har ta yi alfahari a gaban dangi cewa irin bishiyar kakansu zai shiga jirgin ruwa ya tsallaka teku.

Talata da safe ta dawo. Tun daga nesa ta ga sararin sama a inda bai kamata a gan shi ba.

Kututture uku ne, daidai da ƙasa, an yanke su sumul. Babu reshe, babu ganye. Can gefe ga tulin ɓarzajjen itace da injin niƙa ya amayar, ya bushe ƙayau a rana, korayen 'ya'yan da aka niƙe tare sun fara tsami, ƙudaje na bi. Ta durƙusa ta tona tulin da hannu biyu, har da mai ɗinkin, tana neman ko ɗan reshe kamar yatsa mai ido ɗaya da rai. Ido ɗaya ya isa a aura. Ta tona har ƙasa, ba ta samu abin da ya kai farce tsawo ba.

Sai ta rarrafa wurin kututturen. Duk bishiya 'yar aure tana da kumburi a inda aka haɗa ta, kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa. In mai sara ya bar ko yatsa biyu sama da kumburin, irin kirkin zai sake tohowa. Ta shafa na farko, ta shafa na biyu, ta shafa na uku. Duka an yanke su ƙasa da gaɓar auren.

"Komadre..."

Nibaldo Retamal ne a bayanta, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Shi ne mai zarton inji na tashar, kuma shi ya riƙe ɗanta na fari ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna haka.

"Kar ka kira ni komadre. Kai ne?"

"Na kira wayarki ya fi sau goma. Na rantse da Allah. Juma'a da safe ya zo ya tsaya a kaina, ya ce an gama magana da ke."

"Kai kuma ka yarda! Ka san ni shekara talatin, ka yarda zan ce a sare su in tafi rawa?"

"To ya zan yi? Shi ne shugaba. Ina da 'ya'ya a makaranta."

"Ban ce ka ƙi sara ba, Nibaldo. Ka sara! Amma ka ɗaga hannunka taƙi ɗaya mana! Mutumin nan ya san gaɓar aure ne? Da ka yanke a gwiwa ma ba zai gane ba."

Nibaldo ya murza hular. "Ke kika koya mini. Kin ce bishiyar da aka ƙi, a yanke ta ƙasa da gaɓa, kada ta toho wani ya saci ido. Kin taɓa sa ni na sake bin layi guda sukutum saboda na bar yatsa uku."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara hasala. "Shekara ashirin ina fama da kai ka daina ha'inci a aiki, kana yi. Sai ranar da nake buƙatar ha'incinka ka tashi ka zama mutumin kirki. Tir! Ɓace mini da gani."

Bai ɓace ba. Ya nuna cikin magudanar ruwa da hular. "Tohon gindin ne kawai ban niƙa ba. Su na fara fizgewa don in samu wurin sa zarto. In kina so in kwashe..."

"Me zan yi da tohon gindi? Miya?"

Duk da haka idonta ya kai wurin. Dogayen tsirrai ne, sun yi yaushi a cikin laka. Ta ga wani abu a ganyen ƙasa-ƙasa, tsofaffin da suka fara fitowa. Ta sauka cikin magudanar da takalmanta, ta ɗago ɗaya. A tsakiyar ganyen akwai huda, zagayayya tsaf kamar ta abin huda takarda, bakinta ya warke ya yi ruwan ƙasa. Tsutsa ba ta cin ganye haka. Ta ɗago wani, huda. Ta bi tohon bishiya ta biyu da ta uku, huda, huda.

Nan take komai ya fito mata fili. A tsakiyar Satumba, lokacin da take kwance a asibiti, rassan sama fure ne a kansu, ganyensu bai gama buɗewa ba. Ganye mai kyau, mai taushi, wanda hannu zai kai ba tare da tsani ba, sai na tohon gindi. Mutumin ya zo da farar rigarsa da abin hudarsa, bai yarda da kowa ba, ya sunkuya ya tsinki ganyen gindin da aka yi auren a kansa. Ɗakin gwaji ba su yi ƙarya ba. Abin da aka aika musu suka karanta.

Ta kwashi tohon a hammata, laka na ɗiga, ta nufi ofis. Nibaldo ya bi ta a baya yana "Komadre, a hankali," ba ta ko waiwaya ba.

Dokta na tare da baƙi biyu daga kamfanin da za su kawo dashen ceri, ana shan kofi. Ta zube tohon a kan tebur, tsakanin kofuna.

"Doña Leontina, muna cikin..."

"Wannan hudar taka ce?"

Ya dubi ganyen. "Da alama. Eh, tawa ce. Me ya faru?"

"Daga ina ka tsinka?"

"Daga bishiyar mana."

"Daga ina a jikin bishiyar? Sama ko ƙasa?"

Ya buɗe baki. Bai kai ga magana ba, ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo mai kaurin yatsu wanda da gani ya yi aure-auren itace a rayuwarsa, ya ɗauki tsiron ya juya gindinsa, ya ga inda aka fizgo shi daga saiwa. Ya ajiye a hankali, ya mai da idonsa cikin kofinsa.

Dokta Larrondo ba jahili ba ne, kuma wannan ne abin takaicin. Bai buƙaci a yi masa bayani ba. Leontina ta ga lokacin da abin ya shige shi.

"Bishiyoyin... 'yan aure ne?"

"Yana cikin littafin Don Heriberto, shafin da ke bayan wanda ka karanta. Da fensir aka rubuta, shi ya sa ba ka ga darajarsa ba. Ko ba littafi, kumburin auren yana nan kamar gwiwar tsohuwa, da ka kalli ƙasa. Ɗan shekara goma a ƙauyenmu ya san ba a tsinkar tohon gindi a ce ga bishiya."

"Za a iya gyarawa," ya ce da sauri. "Rassan..."

"Ka sa an niƙe."

"Kututturan za su toho."

"Ƙasa da gaɓa aka yanke. Ka samu ma'aikaci nagari."

"To ƙwallo. Kin ce kina da busassun 'ya'ya. A shuka ƙwallon..."

"Haba Dokta. Ƙasashe uku ka yi karatu." Ta girgiza kai. "Ka fi ni sanin ƙwallo ba ya maimaita uwarsa. Ɗari uku da sha biyu na shuka kafin in samu ɗaya, kuma uban da ya ba da garin ya mutu. In je kabarin bishiya in roƙo fure?"

Nibaldo na bakin ƙofa da hularsa. Dokta ya rage murya ya ce su yi maganar nan su biyu daga baya, ba sai a gaban baƙi ba, shi zai san yadda zai rubuta rahoton ba tare da sunan kowa ya ɓaci ba.

"Sunana ya riga ya ɓaci, kai ka rubuta na cakuɗa ƙwallo. Ba shi ya kawo ni ba."

Ta buɗe jaka ta fito da kwalbar. Yau ma ita ce abincin ranarta, kuma ita ce ta ƙarshe. Jiya da ta dafa ba ta san haka ba, har ta bai wa jikokinta suka ci suka yi wasan jifa da ƙwallon. Guda biyu suka rage a cikin ruwan kirfa, sun kumbura, rawaya kamar ɗorawa. Ta kwance murfin, ta tsoma cokali, ta tura kwalbar gabansa.

"Ci."

"Doña Leontina, don Allah..."

"Sati biyar na roƙe ka, ka hana ni. Yanzu minti ɗaya nake nema. Ba za ka kashe abu ba ka san ko mene ne ba. Ci."

Ya ɗauki cokalin. Ya gutsiri gefen ɗaya, ya tauna, baƙin na kallonsa. Ya daina taunawa, ya zauna da abin a baki, bai haɗiye ba, bai tofar ba. Ita kuma ta ga ya gane, ta jira ta ji sanyi a ranta, ba ta ji komai ba sai ƙarin ƙuna.

Ta jawo takardar gwajin daga ƙarƙashin tohon, ta karkaɗe lakar da bayan hannu, ta shimfiɗa masa ita a gabansa.

"Kar ka yaga wannan, kuma kar ka gyara ko harafi ɗaya. Nan da wata guda kututturan nan za su toho, tohon gindi zalla. Ka je ka tsinki ganye ka sake aikawa Santiago, daga sama ko daga ƙasa, duk inda ka ga dama. Abin da ke rubuce a nan shi za su sake gaya maka. Ranar Alhamis takardarka ƙarya ce, Dokta. Yau ta zama gaskiya."

Ta ɗauki kwalbar da guda ɗayan da ya rage a ciki, ta murɗa murfin da hannun mai ciwo har ya kama, ta fita.